Tukwanen da Ke Kife a Tsohon Gari

Ban sami jana'izar Kaka ba. Ina Zuba, a maƙale tsakanin tirelar lemo da wata motar ayaba da ta mutu a tsakiyar hanya, Baffa ya kira ni karo na uku ya ce hadari ya haɗo, ba za su ƙara jira ba. Na ce su kai ta. Ko da na isa Bakin Titi la'asar ta yi, an dawo daga maƙabarta, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, kowa na faɗin abin da ya sani game da ita.

Liman ya ce shekara da shekaru masallaci bai sayi butar alwala ba, ita ke ginawa ta aiko. Matan coci, da suka taru ta bayan gida suna waƙa ƙasa-ƙasa da yarenmu, suka aiko a gaya wa Baffa cewa randar da ke ƙofar cocinsu ma aikin hannunta ce. Wani ɗan'uwanmu makanike, da ya taso daga Apo da baƙin mai a faratansa, ya zauna yana share ido yana cewa yanzu ba mai ƙara kiransa ɓarawon taya. Aka yi 'yar dariya irin ta gidan makoki. Sai wani tsoho makaho, sa'an Kaka, cikin waɗanda ƙudan rafi ya cinye wa ido tun suna samari, ya ɗago kai ya yi tambaya ba tare da ya fuskanci kowa ba.

"To, tsohuwar, wa ta bar wa tukwanen?"

Ni kuwa na san tukwanen da yake nufi, kuma na san ni aka so a bar wa.

Kaka uwar mahaifina ce, ita ta raine ni. Mahaifiyata ta rasu ban kai ga rarrafe ba, aka binne ta a Tsohon Gari, can cikin kwari, ƙetaren rafi. Mahaifina a lokacin yana leburancin titi a inda ake gina sabon birnin tarayya, bai sami labari ba sai bayan wata guda, kuma har ya koma ga Allah bai iya nuna kabarinta da yatsa ba. Mutum ɗaya ce tak a duniya ta san inda uwata take kwance, ita ce aka kai ranar nan ina Zuba ina kallon ayaba.

Kwarinmu ba babba ba ne. Duwatsu ne layi biyu, rafi ya ratsa tsakaninsu yana lanƙwasa har ya je ya faɗa Gurara. Da rani ko akuya sai ta ƙetare shi. Da damina kuwa yana tafiya da saniya, ya bar mai ita a tsaye da igiya. Ƙasar gefensa baƙa ce, doya na yi kamar cinyar mutum, kuma a wani lungu da ruwa ya zaizaye akwai yumɓun da Kaka ta ce babu irinsa har Suleja. Takan ɗauko shi a kafaɗa, yadda matanmu na Gbagyi ke ɗaukar kaya, don a wurinta kai ba wurin ɗora kaya ba ne. Idan ta ga 'yan matan yanzu da tire a ka, sai ta ce an danne musu hankali shi ya sa ba ya fitowa.

Tarihin kwarin a bakinta gajere ne, kuma duk na tsoro ne. "Mu mutanen gudu ne, Maigida," haka take ce mini, don da sunan nan take tsokanata. Kakanninta a kan dutse suka zauna, saboda mahara masu kama mutane, mata na saukowa ɗiban ruwa da sanɗa. Da duniya ta lafa aka sauko bakin rafi aka kafa Tsohon Gari, har ya zama kujerar gunduma: hakimi a nan, alƙali a nan, kasuwa duk kwana huɗu, da ɗakin shan magani mai rufin kwano. Sai ƙananan ƙudajen nan baƙaƙe suka riƙa makantar da maza. Ana cikin wannan sai ga maganar birnin tarayya, aka ce duk wanda ke cikin daji za a iya tashinsa kowace rana. Aka shimfiɗa kwalta nesa da rafi, kujerar gunduma ta tashi ta koma bakin kwaltar. Hakimi ya bi kujera, alƙali ya bi hakimi, kasuwa ta bi su. Cikin damina biyu garin ya watse. Kaka ce ta ƙarshe da ta fito, da ni a goye, da dutsen niƙanta a kafaɗa. Ta ce da ta waiwaya ba gidaje ta kalla ba, tukwane ta kalla.

Ga yadda abin yake. A Tsohon Gari, ko Musulmi, ko Kirista, ko mai bin na gargajiya, idan aka binne mutum sai a kife tukunya a kan kabarinsa, a huda gindinta don kada wani ya ɗauka ya yi girki. Ba rubutu, ba allo. Amma kowace tukunya da zanenta a wuya, kuma ba biyu da suka yi kama. Wani an mirgina masa totuwar masara, wani igiyar kaba, wani an dangwala masa yatsa uku an ja layi. Gidanmu ke gina su tun daga kan dutse, uwa ta koya wa 'ya. Kaka ta gaji na uwarta, ta ƙara nata. Idan ta shiga maƙabartar nan, sai ta riƙa gaishe su ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaga dangi ranar salla. Goggo, 'yarta ɗaya mace, ta yi aure nesa ta zama malamar asibiti, ba ta taɓa yumɓu ba. Saura ni, ɗan da aka tura boko.

Kowane rani sai ta ce, "Maigida, zo mu je in nuna maka uwarka. Yana can yana jiranka." Hausarta ke nan, mace da namiji duk ɗaya ne, kuma wanda ya gyara mata sai ya sha zagi. Ni kuma kowane rani da uzurina. Da farko jarrabawa, daga baya aiki, daga baya aure. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Ita da kanta ta dasa mini tsoron rafin nan tun ina ƙarami, don kada in bi sa'o'ina wanka. Takan ce rafin ya san muryar 'yan gidanmu. Na girma, na yi gemu, na haifi 'ya'ya, amma ko gada nake ƙetarewa a mota ba na leƙa ƙasa.

Ba mace ce mai taushin baki ba. Ranar da zan tafi makarantar kwana, sauran yara ana ta rungumarsu, ita kuwa ta tura mini wani ɗan kasko cikin akwati, ta naɗe shi da tsohon zaninta. Ta ce, "Da shi na ba ka ruwa da kunu tun ba ka da haƙori. Ka fasa shi, in fasa kanka." Wannan ce duk bankwanar da na samu. Sai da na yi shekaru na ji daga bakin Goggo cewa ranar nan Kaka ta bi motar a ƙasa har ta wuce gonakin ƙarshe, ta dawo ta rufe ɗaki, ba ta ci komai ba sai washegari.

Faɗanmu ɗaya ne na gaske, kuma ni na ja shi. Aikina zanen taswira ne a wani ofishin safiyo a Abuja. Masu awo su je daji su dawo da lambobi, ni in zauna a sanyin ofis in mayar da su fulotai da tituna. Bara aka ba ni wani babban fili da za a yi rukunin gidaje. Ina cikin ja sai na ga lanƙwasar rafin, wadda ta yi kamar gwiwar hannu, na gane gida. Ban ce wa kowa komai ba. A ofis ba wanda ya san ni ɗan ƙasa ne, wato ɗan asalin wurin, Hausar Kano nake yi da Turanci, kuma na ga yadda ake kallon ɗan ƙasa idan ya buɗe baki a kan fili: shi ke nan ya zama mai kawo matsala. Na gama zanen, ya yi kyau, oga ya yaba.

Wautata ita ce na kai mata kwafi da salla, ina zaton za ta yi alfahari. Na shimfiɗa mata a tabarma, na nuna mata rafi, na nuna mata dutse. Ta daɗe tana kallo. Ta sa yatsa daidai inda ya kamata, ba tare da na nuna mata ba.

"Nan me ka rubuta?"

"Fili ne, Kaka. Ba kowa."

"Ba kowa," ta maimaita. Ta ɗago ta dube ni. "Uwarka ba kowa ne? Mijina ba kowa ne? 'Ya'yana uku da na kife wa tukunya da hannuna?"

Na fara yi mata bayanin cewa masu awo ba su ga alamar maƙabarta ba, tukwane kawai suka gani a cikin ciyawa. Ta naɗe takardar ta miƙo mini. A rayuwata ban taɓa ganin Kaka ta ji tsoron mutum ko dabba ba, amma ranar na ga tsoro ƙarara a fuskarta. Ta ce ta taɓa ganin katafila tana aiki a wani ƙauye da aka tasa wajen Jabi, tun ba a san za a yi tasha a wurin ba. Ta ce ta ga abin da haƙoran ƙarfen suka tono, ta ga yadda direban ya kau da kai ya ci gaba. "Mutuwa ba ya ba ni tsoro," in ji ta. "Abin da ke hana ni cin abinci, a kwashe mutum a tifa a je a cike rami da shi."

Na koma ofis na yi ƙarfin hali rabi. Na ce wa oga na ji ƙishin-ƙishin akwai kaburbura a filin nan. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ka ji, ko ka sani? Kawo mini kabari ɗaya da sunan mai shi da ɗan'uwansa da zai sa hannu, sai mu zagaye wurin. In ba haka ba, ruwan baɗi na ɗaukewa injina za su shiga." Kabari ɗaya, suna ɗaya, ɗan'uwa ɗaya. Ga ni tsaye a gabansa, amma na ce to, zan bincika.

Ranin da ya biyo baya ƙafafun Kaka suka ƙi. Ba ta iya zuwa ko bakin kasuwa, balle ƙetaren rafi. Ta sa aka ɗebo mata yumɓu, ta zauna a ƙofar ɗaki tana gini a hankali, mako da makonni. Ta aiko mini sau biyu cewa ta gina mini abu, in zo in ɗauka. Na ce sai an yi hutu. Na zaci randar ruwan sanyi ce, ni kuwa ina da firji.

Goggo ta iso gidan makokin bayana da kamar awa guda. Ba ta tsaya gaisuwa ba, ta wuce ɗakin Kaka kai tsaye. Can sai ta fito ta tsaya a bakin zaure ta kira Baffa, ƙanenta, da muryar da ta sa maza suka yi shiru.

"Ina randar da ke bayan ƙofa?"

Baffa ya ce, "Yaya, ai da ita muka rufe ta."

Ya faɗa ne da natsuwar wanda ya yi abin kirki. A Bakin Titi, kamar yadda muka koya wurin maƙwabtanmu Hausawa, idan an sa gawa a kabari akan fasa tukwane a jera a rufe kafin a zuba ƙasa. Masu haƙa suka ce a kawo tukwane, Baffa ya shiga ɗaki ya ga sabuwar randa, babba, ba a taɓa zuba mata ruwa ba. Ya ce wa ya fi cancanta da ita in ba mai ita ba. Suka raba ta, suka jera mata.

Goggo ta zauna a ƙasa, a nan bakin zaure, da takalmanta. Ta ce randar nan ba ta ruwa ba ce. Kaka ta zana rafin a jikinta, daga mashigi har kukar da ke tsakiyar maƙabarta, ta jera zanen kowace tukunya a inda take, layi-layi. Ta ce wa Goggo sunayen za ta gaya wa Maigida baki da baki, shi mai rubutu ne, ya rubuta. Goggo ta juyo ta kalle ni. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga.

Zan faɗi abin da ya zo mini a rai, tunda na yi niyyar faɗin gaskiya. Na yi tunanin ƙasar ba ta bushe ba tukuna, randar tana nan ƙasa da kamu huɗu. Matar da ba ta tsoron komai sai tono, ni jikanta nake lissafin tone ta tun ba ta kwana ba. Na tashi na zaga bayan gida na yi ta istigfari. Baffa kuwa, da ya gane abin da ya faru, kuka ya yi kamar yaro, har sai da Goggo ta koma rarrashinsa.

Ranar sadakar uku, muna zaune da Goggo tana tsince shinkafa, sai ta tsaya cak.

"Kai, ina kaskon da ta ba ka za ka makaranta?"

Na ce yana gida, matata na ƙona turaren wuta a ciki.

Ta ajiye farantin. Ta ce idan mai jego ta mutu ta bar jariri, Kaka ba tukunya ɗaya take ginawa ba. Daga curin yumɓu guda take cire biyu, babba ta kabari, ƙarami na ciyar da maraya, kuma zane ɗaya take yi musu a wuya. Ta ce don yaro ya sha daga hannun uwarsa. Shekara talatin da wani abu ina yawo da shi daga ɗakin haya zuwa ɗakin haya, ban taɓa tambaya ba, ita kuma tana jira in zo mu je tare ta nuna mini da kanta.

Asabar ɗin da ta biyo na koma da kaskon a cinyata. Matata ta wanke shi, ta yi ta ba ni haƙuri kamar ita ta yi laifin. A wuyansa akwai igiya da aka mirgina sau biyu, da ɗigo huɗu a ƙasa, ɗaya ya ɗan karkace. Damina ta fara ja baya amma rafin bai sauka ba. Wani mai noman doya ya ƙetarar da mu a kwalekwale, ni da Goggo. Ruwan ja ne, yana tafe da rassan itace. Na rungume kaskon na rufe ido, ina jin Goggo tana addu'arta ni ina tawa. Mai kwalekwalen ya ce, "Oga, ka saki jikinka, kai kake girgiza mu."

Tsohon Gari ba abin da ya rage sai tudun ƙasa inda ɗakuna suke, da mangwarori, da dutsen niƙa nan da can. Goggo ta nuna mini inda hakimi ke zama, yanzu gidan tururuwa ne. Muka nufi kukar. Ciyawa ta kai ƙirji, muna bugunta da sanda saboda macizai. Sai ga su. Baƙaƙe, a kife, wasu sun nutse har wuya, wasu shanu sun tattake. Ban ƙirga ba. Na durƙusa ina share wuyan kowace da hannu, ina kallo, ina wucewa. Totuwar masara. Yatsa uku. Layi mai kama da ƙayar kifi. Kowace mutum ce, kowace Kaka ta san sunanta da abin da ta fi so a miya, ni kuwa ina wuce su kamar baƙo a tasha.

Rana ta take na same ta, a gefen gabas, kusa da wata 'yar ɗorawa. Gansakuka ta rufe ta. Na kankare da farce. Igiya sau biyu, ɗigo huɗu, ɗaya ya karkace. Na ɗora kaskon a gefenta, suka zauna kamar ba su taɓa rabuwa ba. Na ce, "Inna, ga ni." Ban san sunan da ake kiran uwa da shi a bakina ba sai ranar. Goggo ta juya baya ta ba ni wuri.

Da na ɗago ne na ga turken siminti, taku biyar daga kanta, an shafa masa jan fenti, da lamba a jiki. Ban buƙaci duba takarda ba. Na san lambar, ni na rubuta ta, kuma na san abin da na ja ta wurin: magudanar ruwa ce ta gefen titi.

Ranar Litinin na shiga wurin oga da kaskon a cikin leda. Na ce na samo kabarin, na samo sunan. Ya jawo takarda ya ce, "Ɗan'uwan fa, zai zo?" Na ce ya zo. Ya daɗe yana kallona ta saman tabarau, sannan ya turo mini biro.

Har yanzu ban san iyakar abin da za a zagaye ba. Wataƙila kukar duka, wataƙila ɗorawar kawai. Ruwa ya ɗauke, kuma duk motar da ta wuce da nauyi sai in zaci injinan ne. A takardar suna ɗaya ne. Na kakana, da na 'ya'yan Kaka uku, da na duk sauran, sun tafi da Kaka, zanensu kuma yana jikin randar da ke kanta.

Allah ya jiƙan Kaka, ya yafe mata zafin bakinta, ya sa ƙasar da ta yi wa hidima ta yi mata sauƙi. Waɗanda ke kwance ƙarƙashin kukar nan kuma, Shi bai manta sunan kowa ba. Ni ne aka kira sau biyu ban zo ba.